Kafin ka sayi kyamara, fara duba tsohuwar kwamfutarka

Duk wanda ya zo neman shawarata kan kyamara, tambayarsa ta farko ita ce megafiksel nawa ya kamata ya nema, wato ma'aunin yawan ɗigogin da ke haɗa hoto. Ni kuma sai in tambaye shi wace irin kwamfuta ce a gidansu. Wasu sukan ɗauka kauce wa tambayar na yi, alhali nan ne bakin zaren. Hoton da ya maƙale a cikin kyamara, ba a sauke shi ba, ba a adana shi ba, yana iya salwanta ko yaushe.

Na koyi wannan ne a bikin 'yar yayata a Tudun Wada. Na ari kyamara mai kati na 64GB, na ɗauki kamu, ɗaurin aure, yini, har kai amarya. Washegari na sa katin a tsohuwar kwamfutar gidanmu mai Windows XP, Yaya tana tsaye a kaina tana cewa, "Buɗe mana mu ga na kamu tukuna." Sai wani saƙo ya fito, wai katin ba a yi masa fomat ba, wato share duk abin da ke cikinsa a sake tsara shi, ko ina so a yi yanzu? Gabana ya faɗi. Allah ya taimake ni na danna No, na mayar da katin cikin kyamara, sai ga hotuna nan cif, ko ɗaya bai ɓata ba. Katin lafiyarsa ƙalau, kwamfutar ce ba ta san irinsa ba. Tun daga ranar nake fara lissafi daga kwamfuta, sannan kati, kyamara ta zo daga baya.

San abin da ke kan teburinka

Kunna kwamfutar, ka kai maus kan My Computer, ka danna maɓallin dama, ka zaɓi Properties. A nan za ka ga wace Windows ce, da Service Pack ɗin da ke kanta, da girman RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke aiki da ita. Rubuta su a takarda, domin da takardar za ka je kasuwa. Daga nan ka duba sauran wurin da ya rage a had dis, wato rumbun ajiyar kwamfuta. In bai kai 10GB ba, biki biyu ko uku sun isa su cika shi.

Sai ka leƙa ramukan USB. Wanda cikinsa shuɗi ne, USB 3.0 ke nan, ka yi sa'a. Yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke gidajenmu USB 2.0 gare su, kuma ya wadatar, domin hotunan 1GB ba sa wuce minti ɗaya ko biyu. Amma in kwamfutar ta tsufa sosai har USB 1.1 ne a jikinta, wannan 1GB ɗin zai ci kwata na awa ko fiye. Zai yi aiki, sai dai da haƙuri. A kwamfutar tebur ka fi amincewa da ramukan baya, su ne a manne da babban allon ciki. Na gaba sun fi shan ƙura da jijjiga, su ne ke yanke aiki ana tsakiyar kwafa.

Ka kuma kalli kwanan watan da kwamfutar ke nunawa. In kullum aka kunna sai ta koma shekarun baya, ɗan batirin agogonta ne ya mutu, wani mai kama da kwabo, lambarsa CR2032. Masu gyaran agogo ma suna da shi.

Kati shi ne gada

A nan mutane suka fi faɗawa rami, don haka zan ɗan tsaya. Katin SD iri uku ne a kasuwa, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. Na asali, mai suna SD kawai, iyakarsa 2GB. A 2006 aka fito da SDHC, daga 4GB zuwa 32GB. A 2009 kuma SDXC ya zo, daga 64GB zuwa sama. Bambancin bai tsaya a girma ba. SDHC yana amfani da tsarin ajiya na FAT32, wanda kowace Windows daga XP zuwa yau ta sani. Shi kuwa SDXC da tsarin exFAT yake zuwa, kuma Windows XP ba ta gane shi sai an ɗora mata wani ƙarin gyara na Microsoft mai lamba KB955704. Abin da ya same ni ke nan a bikin nan. Windows 7 ta san exFAT tun daga haihuwa, haka ma Vista mai Service Pack 1.

Shawarata ga mai tsohuwar kwamfuta ita ce ya tsaya a SDHC, 8GB ko 16GB, in ya yi yawa 32GB. Kati biyu na 16GB sun fi mini guda ɗaya na 32GB, domin in ɗaya ya lalace ranar ɗaurin aure, na yini yana nan.

Akwai kuma ramin kati da ke jikin wasu tsofaffin laftof. In an ƙera laftof ɗin kafin zuwan SDHC, ramin nata yana iya ƙin karanta kati mai 4GB ko sama da haka, ko da Windows ɗin ba ta da matsala. Maganin wannan shi ne kad rida ta USB, 'yar ƙaramar na'urar da ake zura kati a ciki a soka a kwamfuta. Ka duba jikin kwalinta ka ga an rubuta SDHC da SDXC. Ban san wani abu mai arha da ke ceton mai hoto kamar ta ba.

Jabun kati sun yi yawa. Za ka ga an rubuta 32GB, kwamfuta ma ta nuna 32GB, amma ainihin cikinsa bai kai rabin haka ba. Da zarar ya cika sai hotuna su riƙa lalacewa ba tare da wata sanarwa ba. Araha ba ta ado. In farashin ya faɗi ƙasa fiye da hankali, bar shi. In ka saya, akwai wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna H2testw da ke cika katin da bayanai ta sake karantawa, ta gaya maka gaskiyar girmansa. Yi wannan gwajin kafin ka ɗauki hoto ko ɗaya.

Wace kyamara?

Tambayi kanka me za ka riƙa ɗauka. Mai son hotunan suna da walimar sauka a cikin ɗaki daban yake da telan da ke son nuna ɗinkinsa a intanet, daban kuma da mai son kamo dawakai daga nesa a wasan folo na Dandalin Murtala da ke Kaduna ko hawan sallah a Zariya.

Batun megafiksel, ga lissafinsa a sauƙaƙe. Hoton albam na inci 4 da 6, in za a wanke shi fes, megafiksel 2 da ɗoriya yake bukata. Na inci 8 da 10 yana bukatar kimanin 7. Cikakken shafin A4 bai kai 9 ba. Ke nan kyamara mai megafiksel 10 ko 12 ta ishe ka har hoton da za a sa a firam a rataye a falo. Abin da ya haura haka nauyi ne ga tsohuwar kwamfuta: fayil ya ƙara girma, buɗewa ta ƙara jinkiri, had dis ya cika da wuri.

Abin da ya fi megafiksel tasiri shi ne faɗin sensa, wato farantin da haske ke sauka a kansa a cikin kyamara. Sensar ƙaramar DSLR, wato babbar kyamarar da ake canza wa gilashin gaba, ta ninka ta kyamarar aljihu fiye da sau goma a faɗi. Shi ya sa a ɗakin amarya bayan magariba, inda ƙwan fitila ɗaya ne, DSLR mai megafiksel 12 take fitar da fuska sumul, ta aljihu mai 16 kuwa ta fitar da ita da ɗigo-ɗigo kamar an watsa yashi.

Gaskiyar da ba kowane mai shago zai faɗa maka ba ita ce, in wayarka ta zamani ce mai kyau, tsohuwar kyamarar aljihu ba za ta fi ta da komai ba sai jawo nesa kusa. Shi ma sai ka lura: zum na gaske shi ne wanda gilashi ke motsawa, an rubuta optical a jikinsa. Wanda aka rubuta digital yanke hoto kawai yake yi ya kumbura shi, kada ka biya ko sisi saboda shi.

Don haka ga wanda zai kashe kuɗinsa da niyya, na fi karkata ga DSLR ta hannu daga shekarun 2010 zuwa 2014. A gidan Canon akwai 550D da 600D da 1200D masu megafiksel 18, da 1100D mai 12. A gidan Nikon akwai D3100 mai 14, da D90 ta 2008 mai 12, wadda har yau nake ganin ƙimarta. D3200 tana da kyau, amma megafiksel 24 gare ta, za ta wahalar da kwamfuta mai ƙaramin RAM. Duk waɗannan katin SD suke ci, kuma ana samun batirinsu: LP-E8 na 550D da 600D, LP-E10 na 1100D da 1200D, EN-EL14 na D3100 da D3200. Lens ɗin 18-55mm da suke zuwa da shi, wato gilashin gaban kyamara, ya isa farawa. In kuɗi ya samu daga baya ka ƙara 50mm f/1.8, shi ne sarkin hoton fuska a wuri mai ƙarancin haske. Mai Nikon D3100 ko D3200 ya kula ya sayi lens mai alamar AF-S, domin jikin waɗannan kyamarorin ba shi da injin juya tsofaffin lens, sai dai ya riƙa saita su da hannu.

Ka guji kyamarar da katinta ya bar kasuwa: tsofaffin Sony masu Memory Stick kaɗai, da Olympus ko Fujifilm masu katin xD. Komai arharsu, ranar da katin ya mutu za ka zagaye Kaduna kana nema.

A gaban mai shago

Ko a shagunan Ahmadu Bello Way ne, ko kewayen Kasuwar Sheikh Gumi, ko wurin wani mai hoto da zai canza kaya, je da rana, je da katinka, kuma kada kunya ta hana ka gwaji. Ka ce masa, "Alhaji, a ba ni minti goma in sa katina in gani." Mai kaya nagari ba ya ƙin wannan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Fara da lens. Cire shi, ka haska fitilar waya ta cikinsa. Ɗan ƙura ba komai ba ne, kowane lens yana da shi. Amma in ka ga wasu zare-zare farare kamar saƙar gizo-gizo, fumfuna ce ta kama gilashin saboda laima, kuma yaɗuwa take yi. Wannan a bar shi. Mayar da lens, ka juya dayal zuwa Av a Canon ko A a Nikon, ka kai lambar f zuwa 16 ko 22, ka ɗauki farin bango ko sararin sama. Buɗe hoton ka faɗaɗa shi. Ɗigo biyu ko uku ƙura ce a kan sensa, ana gogewa. Dogon layi kuwa karcewa ce, ba ta gyaruwa da arha.

Sai ka ɗauki hotuna ashirin a jere, na kusa da na nesa, ka saurari ƙarar shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a duk ɗauka, ka ga ko kyamarar tana kama abu da sauri ko tana ta kai-komo. Gwada fitilarta. Danna kowane maɓalli. Buɗe murfin batir ka duba ko akwai tsatsa ko kore-kore, alamar ruwa ya taɓa shiga. Batirin da ya kumbura har yana wuyar fita ya gama aiki. Shota ma tana da iyakar rayuwa, a irin waɗannan kyamarori ana kiyasta ta kusan bugu 100,000. Nikon tana rubuta adadin bugun a cikin kowane hoto, kuma akwai shafukan intanet da za ka loda hoton daga waya su karanta maka. Canon ba ta bayyana nata a sauƙaƙe haka, sai ka kalli jiki: robar riƙo da ta saɓule da rubutun maɓallai da ya goge suna nuna ta sha aikin bukukuwa.

Kada ka baro shagon ba caja ta asali da wayar USB ɗinta. Yawancin waɗannan kyamarori mini-USB suke amfani da shi, mai ɗan kauri, ba irin na wayar Android ba.

Saiti huɗu kafin hoton farko

Saita kwanan wata da lokaci, domin da su za ka gane hoton wace shekara ne bayan an manta. Ingancin hoto ka sa shi a JPEG, babba, mai kyau, wato Large da Fine. Kada ka fara da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, wanda Canon ke kira CR2, Nikon kuma NEF. Fayil ɗaya yana kai 20MB ko fiye a kyamara mai megafiksel 18, ga shi tsohuwar Windows ba ta buɗe shi da kanta. Lambar fayil ka bar ta a Continuous a Canon, ko ka kunna File number sequence a Nikon, don kada kowane kati ya sake farawa daga 0001, sunaye su yi karo, sabon hoto ya danne tsoho. Na huɗu, yi wa sabon kati fomat a cikin kyamarar kanta, ba a kwamfuta ba.

Sauke hotuna

Ka fara da tunanin wuta. In kwamfutar tebur ce ba UPS, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, kada ka soma kwafa lokacin da wuta ke rawa ko janareto na shirin shanye mai. Yankewar wuta ana cikin aiki tana iya rikita kati.

Kashe kyamara, ka jira 'yar fitilar kati ta daina ƙiftawa, sannan ka zare katin. A gefensa na hagu akwai wani ɗan makulli, tura shi ƙasa wajen da aka rubuta Lock. Yanzu kwamfuta za ta iya karantawa amma ba za ta rubuta komai a kai ba, ba za ta goge ba. Zura shi a kad rida, ka soka a ramin baya. Buɗe My Computer, za ka ga sabon faifai, wataƙila E ko F. A ciki akwai folda mai suna DCIM, a cikinta kuma wata kamar 100CANON ko mai lamba 100 da sunan samfurin Nikon. Hotunan suna nan, IMG a Canon, DSC a Nikon.

Kafin ka taɓa su, buɗe sabuwar folda a kwamfuta. In had dis ɗin a rabe yake, ka sa ta a D, kada ka sa a C ko a kan Desktop, domin ranar da Windows ta lalace mai gyara C zai share. Sunan folda ya fara da shekara, sai wata, sai rana, sai abin da ya faru, misali 2024-04-10 Ƙaramar Sallah. Da wannan tsarin foldoji za su jera kansu bi da bi.

Koma kan katin, danna Ctrl da A su zaɓu duka, sai Ctrl da C, ka je sabuwar foldar ka danna Ctrl da V. Kwafa za ka yi, kada ka kuskura ka yi Cut. In ya gama, danna maɓallin dama a kan foldar kati ka duba Properties, ka yi haka a ta kwamfuta. Adadin fayil da girmansu su zo daidai. Buɗe hoton farko, na tsakiya da na ƙarshe ka tabbatar sun fito cikakku. Sannan ka je ƙasa kusa da agogo ka danna Safely Remove Hardware kafin ka zare. Ka tuna ka buɗe makullin kafin katin ya koma kyamara, in ba haka ba za ta ƙi ɗauka.

In ba kad rida, wayar USB za ta yi, muddin batirin kyamara a cike yake. Haɗa wayar kyamara na kashe, sannan ka kunna. A XP wata taga mai suna Scanner and Camera Wizard za ta fito, a Windows 7 kuma za ka ga Import pictures and videos. Wannan hanyar tana da wata fa'ida: kyamarar ce ke karanta katin ta miƙa wa kwamfuta, don haka ko katin 64GB ne, XP tana iya karɓar hotunan JPEG ta nan. In kwamfuta ba ta ga komai ba, canza rami, sannan ka canza waya, domin wasu wayoyin na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. Tsofaffin Nikon irin D40 da D80 suna da zaɓin USB a saitinsu, a mayar da shi Mass Storage sai kyamarar ta fito kamar filash.

In hotuna suna jan ƙafa wajen buɗewa, ɗora IrfanView ko FastStone Image Viewer. Kyauta ne, ba su da nauyi, kuma suna rage girman hotuna da yawa a lokaci guda in za ka tura wa dangi ta WhatsApp. Ka rage kwafi, na asali ya zauna yadda yake. Bidiyo kuwa, in yana sarƙewa, gwada VLC, kuma nan gaba ka ɗauka a 720 maimakon 1080.

In abu ya ɓaci

Microsoft ta daina kula da tsaron XP tun Afrilun 2014, ta daina na Windows 7 a Janairun 2020. Kwamfutar da ke riƙe da hotunan iyali, in irin waɗannan ce, gara a raba ta da intanet da filash ɗin kowa da kowa. Bairos ɗin da ya fi addabar mu shi ne mai mayar da foldoji shotkot, wanda ake kwasowa a shagunan buga takardu da wuraren wanke hoto. In ya kama katinka, kada ka danna shotkot ɗin, kada kuma ka yi fomat. Hotunan suna nan, ɓoye su ya yi. A wanke kwamfutar da antibairos tukuna, sannan a buɗe Run, a rubuta cmd, a cikin baƙar tagar a rubuta attrib -h -r -s /s /d F:\*.* a danna Enter, a sa harafin katinka a madadin F. A nan dole makullin katin ya kasance a buɗe. Foldojin za su dawo, sai a kwashe hotunan, a yi wa katin fomat a kyamara.

In kuwa goge hotuna aka yi bisa kuskure, cire katin nan take, kada a ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kansa. Gogewa ba ta share hoton nan da nan, wurinsa kawai take bayarwa ga na gaba. Recuva ko PhotoRec, duka na kyauta, sukan dawo da mafi yawa, amma a ajiye abin da suka tono a kwamfuta, ba a kan katin ba.

Tsohon had dis ba ya sallama kafin ya tafi. Saboda haka hoto bai zauna ba sai yana wuri biyu: kwamfuta, da had dis na waje ko filash mai kyau da ba a yawo da shi. In kwamfutar tana ƙona DVD, faifai ɗaya yana ɗaukar 4.7GB, a rubuta suna da shekara a kai, a kai wa Hajiya ko wani babba a gida ya ajiye. Waɗanda suka fi daraja, irin hoton kakanni da jikoki, a zuba su a filash daban a kai a wanke su a takarda. Katin kyamara ba ya zuwa shagon wanki.

Sai bayan kwafi biyu sun tabbata za ka mayar da kati cikin kyamara ka yi masa fomat don aiki na gaba. Ita kuma kyamarar, da hunturu kada ka canza lens a waje cikin hazo, shiga ɗaki ko mota, ka kifa bakinta ƙasa. Da damina kada ka bar ta cikin jaka a ƙasan gado. Samo roba mai murfi da ke rufuwa gam, ka zuba 'yan ƙunshin silika ɗin nan da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi, ka cire batir, ka ajiye ta a ciki, ka riƙa fito da ita tana shan iska duk mako biyu.